Tunkiyar da Ta Ƙi Maraya

Ka ce abin yana ɗaure maka kai, Alhaji. Yaya za a yi mutum yana bakin mutuwa, ƙaninsa ya ba shi ƙoda lafiyayya, likitoci su dasa masa, amma jikin ya tashi yana yaƙi da ita? To, garkuwar jiki ba ta san kyauta ba, baƙo kawai ta sani. Shi ya sa ake ba wanda aka yi wa dashe magungunan da ke ɗaure ta. Sai dai masu bincike sun lura akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai a jiki waɗanda aikinsu shi ne su ce wa garkuwar ta dakata, wannan na gida ne. Gyara zama in ba ka misali, don ni ta nan na fi gane abin.

Wani manomi ne mai 'yan tumaki a bayan gida. Rana ɗaya biyu suka haihu, ɗaya ta mutu ta bar ɗa, ɗayar kuma nata ya zo babu rai. Ya ce to, ai Allah ya haɗa, ga nono babu mai sha, ga mai sha babu nono. Har da murnarsa da ya ga marayan fari ne mai baƙin kunne, sak wanda ya mutu. Ya ɗauko shi ya dire a gaban wadda ta rasa ɗan. Ta sunkuya ta shinshina shi sau ɗaya, ta ja da baya, ta ɗauke shi da ka sai da ya wuntsila. Shi kuwa manomin nan irin mutanen nan ne da in ƙofa ta ƙi buɗuwa ƙafa suke sa mata. Ya jawo igiya ya tamke wuyanta a turke, ya yi mata dabaibayi, ya danna bakin marayan a hantsa. Marayan ya sha ya ƙoshi, manomi ya karkaɗe hannu ya shiga gida, a ganinsa magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Ɗaurarriyar tunkiya ba ta iya kare kanta. Awaki suka riƙa cinye mata dusa tana ji tana gani, ƙuda suka samu wurin zama inda igiya ta ci wuyanta, kaska ta cika mata kunnuwa. Kafin mako ta rame, nonon ya ja baya, marayan yana tsotso yana kuka. In manomi ya kwance ta, ta kashe marayan. In ya bar ta a ɗaure, ya rasa su duka biyun. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya fasa zuwa gona, ya kifa turmi a bakin garke ya zauna yana kallo. Wai me ta gani a jikin ɗan nan da ya raba shi da nata? Can sai ya lura da wani abu da ya shekara arba'in yana faruwa a gabansa bai taɓa tambayar dalili ba. Duk tunkiyar da ɗa ya zo shan nono, ba ta duban fuskarsa, sai ta waiwaya ta kai hanci gindin wutsiyarsa. In ta ji abin da take nema ta tsaya, in ba ta ji ba ta tunkuɗe shi. Shi yana can yana haɗa launi, ita kuwa hancinta take bi.

Daga ranar ya daina ƙara wa marayan madarar akuyar da yake ba shi tun da nonon ya ja baya, don kada cikinsa ya riƙa fitar da warin wata. Ya tatsi nonon tunkiyar ya shafe shi tun daga ka har wutsiya, ya yayyafa masa ruwan kanwa a gadon baya don ta yi kwaɗayin lasa, ya mirgina shi a inda take kwanciya. Igiyar kuma ya riƙa sassautawa, yau taku ɗaya, gobe biyu. Ran na biyar da hantsi ya kwance ta gaba ɗaya, ya koma gefe yana kallo. Marayan ya taho yana tangaɗi. Ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa, ta buga ƙafa a ƙasa, har manomi ya yunƙura zai ƙwato shi. Sai ta zaro harshe ta lashe shi, ta buɗa ƙafafu. Yana cikin sha sai ga ɗan wata tunkiyar ya lallaɓo zai saci nono, ta watsar da shi da ka ɗaya. Faɗanta yana nan daram, marayan ne kawai ya tashi daga baƙo ya zama ɗan gida. Ka ga, Alhaji, igiyar ita ce magungunan da ke ɗaure garkuwa, warin kuwa shi ne sinadaran da ke ce mata ƙodar ta gida ce. Manomi ya yi ta dariya har da hawaye, rabi murna, rabi kunyar kansa. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, hankali ke gani, ido gululu ne.