Majinyacin Roba

Da mai sharar asibiti ta ji cewa yau za a gwada haɗin kan ma'aikata a kan mutum-mutumin roba, sai ta ajiye tsintsiya. Kwana uku ke nan mijinta yana kan benci da kati a hannu, babu wanda ya ko kalle shi.

Ta zaunar da mutum-mutumin a bencin, ta kwantar da mijin a gadon gwaji.

"Maigida, don Allah kada ka motsa."

Shugaban asibiti ya danna agogo. Sai ga likita a guje, nas na biye, mai ba da magani har da tuntuɓe. Mutanen da suka shekara ba sa gaisawa, yau kowa "sannu, miƙo min" yake yi. Cikin minti bakwai an auna shi, an yi allura, an ɗaura ruwa.

Mijin ya yi tari.

"Kai, kayan zamani!" in ji shugaba. "Har tari yake yi! A mayar da shi sito."

Mai shara tana tura gadon ta ji nas tana daka wa na kan benci tsawa: "Baba, kallon me kake min? An ce ka jira!"