Fitila Arba'in da Yatsa Ɗaya

Ta miƙa wa mahaifinta rimot ɗin kunna fitilu. Shekara talatin yana kunna fitilun gas na lambun otel ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, da tsani da ashana. Da wannan aikin ya kai ta jami'a, yau kuma ita ce injiniyar da ta haɗa musu lantarkin da zai riƙa kunna su daga nesa. Sati biyu bai ce mata uffan a kai ba.

"Baba, manaja ya ce a hannunka zai zauna. Danna koren maɓallin."

Ya goge yatsansa a riga, ya danna. Aka ji ƙas-ƙas, sai fitila arba'in suka kama lokaci guda, daga ƙofa har ƙarshen lambu.

Ya bi fitilun da kallo, fuskarsa a ɗaure.

"Baba, ka yi haƙuri in na ɓata maka."

"Jan nan na kashewa ne?"

"Shi ne."

Ya kashe, ya jawo kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kira min mamanki. Ta sha shafa min man zafi a gwiwa, yau sai ta zo ta ga yadda manya ke aiki."