Kuɗin Haƙorin Sakiusa

A Asabar ɗin nan Asenaca ta rabu da abu na ƙarshe da mijinta Sakiusa ya bari, ta samu kujera a layi na bakwai a gidan sinima na birnin Suva, tsakanin yara biyu.

Abin yana cikin jakarta, naɗe da tsohon tawul. Tabua ne, haƙorin ƙaton kifin teku, wanda ba a zuwa neman aure sai da shi. Ilaitia yana son ya nema wa ƙanensa mata, shi ya sa ya yi kwana biyar yana mata zarya a rumfarta ta gwaza. Duk kasuwa an san Asenaca, ko kan gwaza ɗaya ba ta ragi. Ta ce masa sai an tashi daga fim, kuma in ranta bai kwanta ba, da kayanta za ta koma.

Ta sa rigarta ta coci, ta riga su isowa da awa guda. Ta tsaya tana kallon hoton da ke bango, matasa huɗu da wuta a hannu. Rubutun kuwa, ta haɗa baƙi uku ta gaji.

Da suka iso, Torika matar Ilaitia ta sunkuya ta raɗa wa yaran wani abu. Babbar, Unaisi, ta ce, “Barka da rana, Bubu,” kamar mai karanta allo. Ƙaramar, Miliana, ta ɓuya bayan zanin uwarta. Bubu dai shi ne abin da jika ke kiran kaka.

Ilaitia ya sayo gugguru da lemo mai ƙanƙara. Asenaca ta ce rabonta da ruwan sanyi shekara ashirin, haƙoranta ba sa so. Ya ba da haƙuri, idonsa a kan jakar.

Aka kashe fitila. Turancin fim ɗin gudu yake yi, ba ta kama komai ba sai abin da ido ya gani. Wani yaro yana tashi sama, wani yana ɗaga mota da hannu ɗaya. Akwai kuma yarinyar da take ɓacewa, ta ratsa taro ba mai ganinta. Mutane suka yi ta tafi. Asenaca ta taɓe baki. Shekara uku ke nan ita ma tana ratsa taro ba mai ganinta tun da aka binne Sakiusa, a coci, a bas, a gidan biki, ba wanda ya tafa mata.

Ta miƙa wa babbar gugguru, ta kira ta da sunan ƙaramar. Yarinyar ta karɓa ba ta gyara mata ba. Torika ta haska agogonta sau biyu. Asenaca ta ƙara danne jakar a cinyarta, ta yanke cewa tabua zai koma gida.

Can sai wani dodon ƙarfe ya fasa bango da ƙarar da ta girgiza kujeru. Miliana ta tsallake hannun kujera, ta faɗa jikin Asenaca, ta cusa fuska a rigar cocin.

“Bubu, rufe min ido!”

Ba wanda ya raɗa mata wannan. Asenaca ta ɗora tafin hannunta mai kanta a kan fuskar yarinyar. Kan Miliana yana ƙamshin man kwakwa. Dodon ya mutu, fim ya ci gaba, yarinyar ba ta sauka ba, har ta yi barci. Ƙafar Asenaca ta yi sanyi, amma ba ta motsa ba sai da aka kunna fitila.

A waje rana tana nan da zafinta. Ta ciro tawul ɗin, ta miƙa wa Ilaitia da hannu biyu. Ya durƙusa a bakin titi, ya tafa sau uku ya karɓa. Ya ce zai rage mata hanya, ta ce wannan ba ya cikin magana. Ta hau bas ɗin komawa gida Nausori ita kaɗai, ɓarɓashin gugguru a cinyarta, ba ta kakkaɓe ba.

Ranar Litinin Salanieta, maƙwabciyarta mai sayar da rogo, ta tambaye ta ko jikokinta da ke Brisbane, can ƙasar waje, sun bugo waya. Ta ce tun Kirsimeti shiru, kuma ko sun bugo, da Turanci suke gaishe ta.

“To, ƙanƙamo, wancan mai zaryar fa? Nawa kika matse shi?”

Asenaca ta ci gaba da jera gwaza.

“Dala dubu ya taya, na ce albarka. Mutumin da ban taɓa gani ba sai ranar Litinin ɗin can? Na ce ya ara min ’ya’yansa awa biyu su ce min Bubu, na sallama.”