Kantun Sabuwa

Sabuwa ta ɓare ledar da haƙori, ta gutsuri kantun, ta tauna a hankali. Riɗin ya soyu daidai, sukarin bai ƙone ba. Ta ajiye ragowar a bakin murhu.

Tun rasuwar maigidanta da kantun riɗi take riƙe da gida a Gumel. Masu shaguna har daga Gagarawa suke aiko da bokiti. Sai ga wani kantu ya shigo gari, an yanka shi ƙanana, an liƙe a leda mai ƙyalli da hoton tauraro. Yara suka ce na kamfani ne. Bokitan suka riƙa raguwa, har aka wayi gari ba mai sallama a ƙofarta sai Mu'azzam, ƙanin marigayin, mai jigilar kaya a babur zuwa Maigatari.

"Kada ki daina, Yaya," yakan ce. "Kawo abin da kika yi, ni zan san yadda zan yi da shi."

Ta rage farashi, ya kwashe. Ta ƙara ragewa, ya kwashe, har ya ce ta daɗa kwano biyu. Aiki ya ƙaru, riba ta tsaya a kuɗin itace.

Ta ce bari ta fito da sabon abu, ta sa citta da ɗan kanumfari. Mako bai zagayo ba ta ji citta a na kamfanin. Mutum ɗaya ce ke shiga madafarta, maƙwabciyarta Rahamatu, wadda suka yi shekaru suna surfe tare. Sabuwa ta faɗa mata magana a gaban mata. Rahamatu ta ɗauki turminta ta fita, ba ta sake leƙowa ba.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Sabuwa. Murhu ya mutu. Tana kwance tana kallon rufin ɗaki, tana tunanin masu leda can suna ta cika shaguna, ita kuwa ko muciya ba ta iya ɗagawa. Mu'azzam kullum sai ya zo dubiya, yana tambayar yaushe za ta miƙe.

Da ta ji sauƙi ta tafi Maigatari barkar haihuwar 'yarta Muhsina. A bakin tasha ta tsaya wani shago da ba a san ta ba. Ta riga ta yanke shawarar barin sana'ar, so take ta sake ɗanɗana abin da ya kore ta karo na ƙarshe kafin ta haƙura.

"Malam, a ba ni kantun nan mai tauraro."

Mai shagon ya girgiza kai.

"Ai Hajiya, kantun nan ya yanke, duk kasuwar nan babu. Mu'azzam mai kawo mana ya ce matar wansa da ke yi masa a Gumel ce ba ta da lafiya."