Baduku da Jakar Wuri

Ka ce ina ruwanka da teku, Ɗanjuma, kai da ko Kwara ba ka taɓa hayewa ba. To gyara zama. Ni ma ban san ta ba sai a bakin wani baduku, kuma abin da ya same shi zan ba ka.

Badukun nan gwani ne wajen ɗinka wuri, irin na kuɗin da, a jikin fata, ko warkin 'yan kokawa, ko jaka, ko maratayin kalangu. Yakan goge bayan wurin a dutse har ya huje, ya zura basilla, ya ja zare. Wurin kuwa daga bakin teku yake zuwa masa, daga hannun wani masunci. Tun badukun yana saurayi suka saba, lokacin da ya je cin rani kudu zazzaɓi ya kayar da shi, masuncin ya yi jinyarsa wata guda a bukkarsa. Daga nan ba su sake haɗuwa ba. Amma kowace shekara direban motar goro yakan kawo jakar wuri da gaisuwa, ya koma da sabon takalmin fata da gaisuwa. Shekara talatin da 'yan kai ana haka.

Sai wuri ya fara ba shi haushi. In ya ɗora a dutse, kafin ya goga sau uku ya dare. Wanda ya tsira daga dutse ya fashe a bakin basilla. Shekarar farko ya yi shiru, ta biyu ya yi tsaki, ta uku zuciya ta ɗebe shi, don mutum ne mai saurin hawa, kamar wani da nake kallo yanzu. Ya ce tsohon nan ya raina shi, masu kyau yake zaɓa wa wasu, shi a turo masa shara. Ya tattara ɓaraguzan ya zuba a jakar ya miƙa wa direba, ba takalmi, ba ko gaisuwa. Kai ma ka san saƙon da ba gaisuwa a cikinsa ya fi mari ciwo.

Shekara ta zagayo, direba ya zo hannu rabbana. Abin ya tsaya wa baduku a rai har tuwo ya daina yi masa daɗi, don wanda ya taɓa ɗura maka kunu a baki ba ka yar da shi a kan ɓawo. Ya rufe rumfa ya bi motar.

Ya tarar da masuncin ya tsufa tukuf, yana zaune a inuwar kwale-kwale, tsohon takalmin nan a ƙafarsa an ɗaɗɗaure da zaren komar kamun kifi. Bai yi wa baƙonsa gori ba. Ya ba shi ruwa, sannan ya ja hannunsa zuwa bayan bukka. Tsibin wuri ne har gwiwa, duk sun dusashe, wasu don siranta kana ganin hasken rana ta jikinsu.

"Waɗannan ne na ƙi aiko maka, aminina," in ji shi da 'yar Hausarsa ta zango. "Ɗaya-ɗaya nake matsawa da yatsa. Wanda ya jure, naka ne. Bana na matsa na matsa, jaka ta ƙi cika, kunya ta hana ni aiko da rabi."

Baduku ya durƙusa a yashi ya yi kuka, irin kukan dattijo da ba a jin sautinsa. Ashe abin da ya kira shara shi ne mafi kyawun abin da ya rage a gaɓar nan.

Da ya natsu ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Tsohon ya tsoma hannu a wata ƙwarya mai ruwa ya ɗauko wuri ɗaya mai rai ya ɗora masa a tafi. Ɗan mitsitsin abu ne mai laushi kamar dodon-koɗi, ba ƙashi ba ƙaya, ba shi da abin kare kai sai ɗakin da yake ginawa a bayansa da sinadarin alli da yake tsinta cikin ruwa. Ya ce masu awon ruwa sun zo garin sun yi musu bayani. Hayaƙin motoci da masana'antu da injinan wuta ba ɓacewa yake yi a sama ba, teku ce take shanye kaso mai yawa. Tana sha tana yin tsami, tsamin da harshenka ba zai ji ba, amma ɗan maginin nan yana ji. Kamar mai ginin ƙasa ne da ruwan sama ya sako wa, yana ɗorawa tana zubewa. Haka sauran masu ɓawo irin su kawa, haka murjanin da ƙananan kifaye ke fakewa cikinsa, kuma in gidajensu suka lalace komar masunci ma ba ta nauyi.

"Hayaƙin wane gari ne?" in ji baduku.

"Hayaƙi ba ya faɗin garinsu. Da naku da namu duk a nan suke kwana."

Baduku ya daɗe yana kallon abin da ke motsi a tafinsa. Sai ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya sunkuya ya ajiye shi a gindin wani dutse a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya dawo ya ce wa amininsa kada ya sake tsinto masa ko ƙwaya ɗaya, a bar su su ji da gininsu. Mutumin da aka sani da wuri tun daga ƙuruciya ya koma gida yana ɗinka fata zalla, ba ado. Ya ce da ni bai yi da-na-sanin wurin ba. Abin da yake ci masa rai shi ne shekara uku da ya yi yana zargin hannun da ke tace masa, bai taɓa tambayar abin da ya sami ruwan ba.

Shi ya sa, Ɗanjuma, Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.