Farar Mesa a Akwatin Ishaku

Ishaku ya ɗaga murfin robar, ya ga ƙwai na huɗu ya tsage. Kan da ya leƙo fari ne tas, da ɗigon rawaya, idanu jajaye. Sai ya maka murfin da ƙasa.

Tun da aka rufe masaƙar da suke aiki a Kakuri, shi da abokinsa Malam Usman suka koma kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Wani ɗan Kwatano ne ke zuwa saye yana turawa Turai. Kowa da macizansa, amma ɗaki ɗaya suka kama a Kudenda. Sana'ar duk a wajen haɗi take: wane namiji za a sa wa wace mace, don 'ya'yan su fito da launi da zanen da masu saye ke so.

Ishaku baƙi da baƙa ya haɗa, masu zanen ruwan ƙasa irin na kowa. Layin da ya miƙe a gadon bayansu kawai yake nema. Sai ga shi cikin ƙwai shida, biyu sun fito zabiya.

A ɗakin nan kuwa namiji zabiya ɗaya ne, na Usman.

"Barka da arziki!" in ji Usman da ya leƙa. "Ɗan Kwatano ya ga waɗannan, ai har rawa zai yi."

"Wa ya sa naka a akwatin macen tawa?"

Usman ya yi dariya, yana zaton wasa ne.

"Baƙi da baƙa ba sa haifar fari," Ishaku ya ce. "Sai dai in wani ya shiga."

Usman ya rantse da Allah bai taɓa akwatin ba. Ya ce in ma ya yi, ai alheri ya yi masa. Ishaku ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango, ya kira shi munafuki, maci amana. Sai da ma'aikatan kamfanin da ke maƙwabtaka suka shigo suka ɓamɓare shi. Abotar da rikicin Kaduna bai iya rabawa ba, da hantsin nan ta watse.

Ya loda akwatunansa a keke napep ya kai gidansa na Mahuta, ɗaki uku da falo, shi kaɗai a ciki. Ya buɗe ɗakin ƙurya da ya yi shekaru a rufe, ya jera su.

Bayan wata guda bakin namijin macijinsa ya kumbura, ya kira Dakta Christy, likitar dabbobi. Tana wanke ciwon ta hango fararen biyu, ta yaba. Da ya ba ta labarin cin amanar, ta girgiza kai.

"Oga Ishaku, ka zalunci bawan Allah. Uwa da uba kan ɗauki farin a ɓoye cikin jini, su kansu baƙaƙe. In suka haɗu, cikin huɗu sai ɗaya ya fito fari. Wannan kam a kowace halitta..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya wurga mata jakarta tsakar gida, ya ce ta tafi da ilimin takardarta.

Ya sha alwashin sai ya ƙaryata su duka. Ya ɗauko ƙanwar macen nan, wadda shi ya rene ta tun daga ƙwai, namiji bai taɓa kusantarta ba. Ya haɗa ta da baƙin namijinsa. Ya toshe taga da katako, ya sa kwaɗo biyu a ƙofa, ya rataya makullan a wuya. Ko ɓerayen da zai ba su, shi ke kiwonsu. Ya daina zuwa coci don kada gida ya zauna ba kowa. Dattawan cocin ba su biyo sawu ba, sun daɗe da gajiya da taurin kansa.

Ɗan Kwatano ya zo har sau biyu yana roƙon fararen. Ishaku ya ce ba ya sayar da shegu.

Da damina ta sauka, macen ta yi ƙwai biyar. Ya yi wata biyu yana gadinsu.

Wata Talata da safe suka fara tsagewa. Na farko baƙi. Na biyu baƙi. Kafin rana ta take, huɗu sun fito, duk baƙaƙe. Ishaku ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ya yi shekaru bai yi ba. Ya zaro waya ya danna lambar Usman don ya zage shi son ransa.

Wayar na ringin, na biyar ya huda ɓawo.

Fari ne.

Ya duba kwaɗunan, lafiyarsu lau. Ya girgiza katakon taga, ko motsi bai yi ba. Ya hau kujera ya laluba silin kusurwa-kusurwa, babu ramin da ƙadangare zai wuce. Ya ɗauki kujerar ya yi ta dukan bango da ita har ta wargaje a hannunsa.

"Halo? Halo?" Muryar Usman na ta fita daga wayar da ke yashe a ƙasa.

Ishaku ya ɗauka yana haki. "Naka bai shiga ba."

"Ni na sani," Usman ya ce, ya kashe.

Bai wanke jinin hannunsa ba, bai ma rufe ɗakin ba. Ya tsayar da keke napep ya ce a kai shi unguwar Television. A bakin wani lungu ya sauka, ya tsaya gaban wata ƙofar langalanga. Sau uku yana ɗaga hannu yana saukewa kafin ya ƙwanƙwasa.

Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ce ta buɗe, zabiya, tana kare idanunta daga rana. Ta dube shi, sannan ta juya ta kira Deborah, matar Ishaku da ya watsar wa kaya waje kwana uku da haihuwar yarinyar, ta ce, "Mama, wani mutum ne."