Kwalabe Tara na Matar Direba

Shekara biyu da rasuwar matarsa, Baba Direba ya buɗe akwatinta ya tarar da kwalaben magani tara, kowace cike da iri. Irin furannin daji ne da ta riƙa tsinta a ƙarshen layin motarsa, tun kafin a share wurin a zuba gine-gine. Yau ko ka kwana nema ba za ka samu ƙwaya ɗaya ba.

A tsakiyar gidajen hayarsu akwai filin da aka taɓa dasa wa ciyawar ado. Ta mutu, wurin ya zama matattarar leda da karyayyun kujeru. Baba ya bi ɗaki-ɗaki yana roƙo. Aka fito kuwa, aka kwashe shara, aka kafce ƙasa, ya juye kwalaben duka.

"Baba, ka rage ko kaɗan," in ji 'yarsa.

"In rage wa wa? Ninki goma zai zubo."

Ruwa ya sauka, fili ya yi fure, har 'yan wata unguwa suna zuwa ɗaukar hoto. Daga baya furen ya kaɗe, wurin ya yi muni kamar tsohuwar tsintsiya. To, lokacin ne irin yake nuna.

Ranar da za a kwantar da shi aikin ido, ya tsaya a ƙofar wani tela maƙwabcinsa. "Don Allah kada a yanke. Mako biyu kawai, sai kwanson ya fara fashewa."

"Haba Baba, je ka abinka. Muna nan."

Suna nan ɗin kuwa. Kwana uku tsakani, mai kula da gidajen ya turo mai injin yankan ciyawa, wai macizai za su taru. Tela ya ji ƙarar, ya ce malamar makarantar da ke zaune a saman bene za ta sauko. Malamar ta leƙo ta taga, ta ce ai tela yana ƙasa. Mutum talatin, ba wanda ya yi taku goma. Kafin rana ta take an yanke, an loda a mota.

Baba ya dawo da auduga a ido ɗaya. Ya durƙusa, ya lalubo kwanso guda, ya murza. Ɗanye shar.

"Shekara ashirin tana tarawa," ya ce wa 'yarsa, hawaye na bin ƙasan audugar. "Me zan ce mata?"

Ya wanke kwalaben, ya mayar da su akwati babu komai a cikinsu.

Jama'a, amanar da aka bar wa kowa, kai ma an bar maka. In ka ji ƙarar injin, kada ka jira maƙwabci. Sauko.